Jeri da Baƙon Mabuɗi: Tarihin Auren da Aka Kasa Ɗaurawa

A watan Satumban 2013 aka fitar da PostgreSQL 9.3, kuma cikin tarin sababbin abubuwan da ta zo da su akwai wasu ƙananan umarni guda biyu da ba su ja hankalin jama'a sosai ba: array_remove da array_replace. Na farko yana cire wani abu daga cikin jeri, na biyu yana musanya shi da wani. Har gobe ana amfani da su. Sai dai ba don kansu aka ƙirƙire su ba. 'Yan rakiya ne. An rubuta su domin share fage ga wani babban aiki da ake sa ran zai biyo baya, wato ba wa rumbun bayanai ikon tabbatar da cewa kowace lamba da ke cikin jeri tana nuni ga abin da yake akwai da gaske. 'Yan rakiya sun iso an ba su masauki, amarya kuwa shekara fiye da goma ke nan ana jiranta.

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mai karatu ya ga abin da ke kan faifai. A ce wani asibiti yana ajiye bayanansa a jadawali biyu. Ɗaya na magunguna ne, kowane magani da lambarsa. Ɗaya kuma na marasa lafiya ne, kuma a cikinsa akwai ginshiƙin da ake rubuta magungunan da jikin mutum ba ya ɗauka. Tun da mutum ɗaya yana iya samun matsala da magani uku ko huɗu, mai tsara manhajar ya ga hanya mafi sauƙi ita ce ya zuba lambobin duka a gurbi guda, a jere: 12, 41, 63. Wannan shi ne jeri. Wata rana wani ma'aikaci yana gyaran jadawalin magunguna, sai ya lura an shigar da penisilin sau biyu, da lamba 41 da kuma lamba 87. Ya goge 41. Rumbun bai ce masa uffan ba. Daga ranar, duk likitan da ya rubuta penisilin, manhajar za ta ɗauki lamba 87 ta gwada da 12, 41, 63, ba za ta ga daidaito ba, ba za ta yi gargaɗi ba. Babu abin da ya fashe, babu jan rubutu a fuskar kwamfuta. Lamba 41 tana nan zaune a gurbinta, marainiya, tana nuni ga abin da ya riga ya ɓace.

Da a ce lamba ɗaya tak ce a gurbin, da maganin matsalar kalma ɗaya ce. Mai tsara jadawali zai rubuta REFERENCES, ya mai da ginshiƙin abin da ake kira baƙon mabuɗi, rumbun kuma ya ɗauki alkawari biyu: ba zai karɓi lambar da ba ta cikin jadawalin magunguna ba, kuma ba zai bari a goge maganin da wani layi ke dogaro da shi ba. Wannan alkawari shi ne amincin nuni. Da zarar an mai da gurbin jeri, alkawarin ya warware. Dalilin haka ya samo asali tun kafin a haifi yawancin masu fama da shi a yau.

Kafin Codd

A shekarun 1960, zuba abubuwa da yawa cikin faifan bayani ɗaya shi ne al'ada. Harshen COBOL yana da kalmar OCCURS, wadda da ita mai rubuta manhaja zai ce wannan fili yana maimaituwa sau goma sha biyu, ɗaya ga kowane wata, ko sau biyar, ɗaya ga kowane ɗa. Manyan rumbunan wancan zamani ma a kan wannan tunani aka gina su. IBM ta fara aikin IMS a 1966 tare da kamfanin North American Aviation, domin lissafa ɗimbin sassan da ake harhaɗa kumbon Apollo da su, kuma ya soma aiki a 1968. Tsarinsa na bishiya ne: uwa a sama, 'ya'ya a ƙarƙashinta, jikoki a ƙarƙashinsu. A can kamfanin General Electric kuma, Charles Bachman ya riga ya gina IDS, inda ake ɗaure bayanai da juna da sarƙar manuni, kowane faifai yana riƙe da adireshin na gaba da shi. Tsarinsa ne kwamitin CODASYL ya ɗauka ya faɗaɗa.

Waɗannan rumbuna suna da aibu mai yawa, amma marayu ba su cika damunsu ba. A IMS ɗa ba ya zama sai a ƙarƙashin uwarsa, in an goge uwa 'ya'yan sun tafi tare da ita. A tsarin CODASYL ana iya shar'anta cewa faifai kaza dole ya kasance ƙarƙashin mai shi, rumbun kuma ya ƙi goge mai shi muddin yana da mabiya. Amincin yana cikin ginin kansa. Kuɗin da ake biya shi ne taurin kai: duk tambayar da ba a yi tanadin hanyarta tun farko ba, sai mai rubuta manhaja ya bi sarƙa ɗaya bayan ɗaya da ƙafarsa. Bachman bai ɗauki wannan a matsayin abin kunya ba. Laccar da ya gabatar sa'ad da aka ba shi lambar yabo ta Turing a 1973 ta kwatanta mai rubuta manhaja ne da matuƙin jirgin ruwa mai neman hanya a teku.

Edgar Codd, Bature ɗan Ingila da ya karanci lissafi a Oxford, ya tuƙa jirgin sama a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya kama aiki da IBM, bai ga dalilin da zai sa kowa ya zama matuƙi kafin ya sami amsar tambayarsa ba. A watan Yunin 1970 mujallar Communications of the ACM ta buga maƙalarsa da ta kafa tsarin jadawalai masu alaƙa. Abin da ake yawan mantawa shi ne, Codd bai fara da haramta jeri ba. A rahoton cikin gida da ya rubuta wa IBM a 1969, ya yarda gurbi ya ɗauki jadawali sukutum a cikinsa. Ko a maƙalar 1970 sai da ya fara kawo irin wannan siffa, da misalin ma'aikaci wanda faifansa ke ɗauke da tarihin muƙamansa da jerin 'ya'yansa, tarihin muƙaman kuma yana ɗauke da tarihin albashi a cikinsa. Daga nan ya nuna yadda ake warware ƙullin: a ciro 'ya'yan a ba su nasu jadawali, a kwafa lambar ma'aikacin a gaban sunan kowane ɗa. Haka muƙamai, haka albashi. Jadawali ɗaya mai ciki ya haifi huɗu shimfiɗaɗɗu.

Hujjarsa ta lissafi ce da ta aiki. Idan kowane gurbi abu ɗaya ya ɗauka, harshen tambaya mai sauƙi ya isa a kai ga kowane bayani, kuma ana iya aika jadawalin daga wata na'ura zuwa wata ba tare da jan sarƙoƙi ba. A wannan maƙala ce kuma ya yi amfani da sunan baƙon mabuɗi ga lambar nan da aka kwafa. Ashe ke nan abubuwan nan biyu tagwaye ne. Baƙon mabuɗi shi ne abin da Codd ya bayar a madadin jeri. Wanda ya nemi a haɗa su a gurbi ɗaya, yana neman a zaunar da magaji da wanda ya gada a kujera guda ne.

Shekara goma sha tara na jira

Da Codd ya cire manuni ya sa lamba a gurbinsa, ya cire har da tsaron da manunin ke bayarwa. Lamba ba ta san ko abin da take nuni gare shi yana raye ba. Dole wani ya duba. Codd ya fayyace wannan a matsayin doka a wata maƙala ta 1979, inda ya jera amincin nuni cikin ƙa'idojin da tsarin ba ya tsayuwa sai da su. Abokin aikinsa Chris Date ya gabatar da maƙala a kan batun a taron VLDB na 1981 a birnin Cannes na Faransa, ya tattauna zaɓin da ke gaban rumbu idan aka zo goge abin da wasu ke dogaro da shi: ya ƙi, ko ya goge mabiyan tare da shi, ko ya bar gurbinsu fanko.

Masu sayar da manhaja ba su yi gaggawa ba. Ƙa'idar SQL ta farko, ta 1986, ba ta san da baƙon mabuɗi ba sam. Sai a gyaran 1989 aka shigar da shi, shekara goma sha tara bayan maƙalar Codd. DB2 ta IBM ta soma tilasta shi a 1988. Oracle ta yi wani abu da ya fi rashin yi muni: fitowarta ta 6 tana karɓar rubutun dokar, ta adana shi, amma ba ta aiki da shi, sai da Oracle7 ta zo a 1992. A shekarar ce kuma ƙa'idar SQL-92 ta kawo su ON DELETE CASCADE da SET NULL. MySQL ta maimaita wannan hali na karɓa a yi shiru shekaru da dama a injinta na MyISAM, kuma InnoDB mai tilasta dokar bai zama zaɓin farko ba sai a 5.5, a 2010. SQLite ta samu ikon a 2009, amma har yanzu sai an kunna shi da hannu. Na kawo wannan jerin gwano ne domin a ga cewa ko sauƙaƙan nau'in alkawarin, na lamba ɗaya a gurbi ɗaya, ya sha wuya kafin ya zauna. Kowane dubawa yana cin lokaci, kuma a kasuwar da ake tallar rumbu da saurinsa, mai saye ba ya ganin marayun da aka hana haihuwa.

Jeri kuwa bai taɓa mutuwa ba. Rumbun Pick, wanda asalinsa ke komawa wani aikin sojan Amurka na tsakiyar shekarun 1960, ya ci gaba da sayar da gurbi mai ɗaukar abubuwa da yawa ga ƙananan kamfanoni, haka ma Adabas na Jamus. A fagen bincike, Akifumi Makinouchi na Japan ya nuna a 1977 cewa ana iya gina ka'idar jadawalai ba tare da sharaɗin shimfiɗawa ba, masu bincike a cibiyar IBM ta Heidelberg, cikinsu har da Hans-Jörg Schek, suka ɗora a kai a farkon shekarun 1980. Ƙorafinsu yana da tushe. Takardar ciniki guda mai kaya goma abu ɗaya ce a idon ɗan kasuwa, amma tsarin Codd yana yayyanka ta gida-gida, sannan a sake ɗinke ta duk lokacin da za a karanta.

Wanda ya shigo da wannan tunani cikin gidan da muke magana a kansa shi ne Michael Stonebraker na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley. Shi ne ya jagoranci Ingres, ɗaya daga rumbunan farko da suka tabbatar da cewa tunanin Codd yana aiki. A 1986 shi da Lawrence Rowe suka wallafa tsarin magajinsa, POSTGRES, da niyyar ɗaukar bayanan da ba sa shiga jadawali cikin daɗi, irin na taswira da zanen injiniyoyi. Jeri yana cikin kayan da aka gina shi da su. Aikin jami'ar ya rikiɗe ya zama Postgres95, sannan PostgreSQL a 1996, a hannun masu sa kai. Baƙon mabuɗi bai iso ba sai a fitowa ta 7.0, a watan Mayun 2000, bisa aikin da Jan Wieck ya jagoranta. A gidan PostgreSQL ke nan jeri ne ɗan gari, baƙon mabuɗi kuwa baƙo ne har a zahiri, ya tarar da shi da shekaru.

Ana cikin haka ƙa'idar SQL:1999 ta halatta ARRAY, ta 2003 ta ƙara MULTISET. Kwamitin ya buɗe wa jeri ƙofa, amma bai ce komai ba a kan yadda abin da ke cikinsa zai yi nuni ga wani jadawali. Wannan shirun ya yi tasiri fiye da yadda ake zato.

Facin da ya ƙi mannuwa

Wajen ƙarshen 2011 wasu ma'aikatan kamfanin 2ndQuadrant a Italiya, cikinsu akwai Marco Nenciarini da Gabriele Bartolini, suka gabatar da facin da zai cike giɓin. Misalin da aka yi ta amfani da shi na tseren motoci ne: jadawalin direbobi a gefe ɗaya, jadawalin tsere a ɗaya gefen, kowane tsere da jerin lambobin direbobi bisa yadda suka iso. Da 'yan kalmomi kaɗan, mai tsara jadawali zai ce kowane ɗaya daga abin da ke cikin jerin nan dole a same shi a jadawalin direbobi. An nufi 9.2 da shi, bai shiga ba. Aka nufi 9.3, aka karɓi 'yan rakiyar nan biyu, aka mayar da sauran.

Rabin aikin mai sauƙi ne. Idan an zo shigar da sabon tsere, a warware jerin, a nemi kowace lamba a jadawalin direbobi, wanda dama yana da fihirisa a kan babban mabuɗinsa. Wahalar tana ɗaya ɓangaren. Idan an zo goge direba mai lamba 7, dole rumbun ya amsa wata tambaya: a duk jerin da ke cikin jadawalin tsere, akwai wanda 7 ke ciki? Fihirisar da aka saba da ita, mai siffar bishiya, tana kallon jeri a matsayin dunƙule ɗaya. Ta san inda 3, 7, 9 yake a matsayinsa na jeri, amma ba ta san 7 na cikinsa ba. In babu fihirisar da ta dace, goge direba ɗaya yana nufin karanta jadawalin tsere daga farko har ƙarshe, goge dubu kuma karantawa dubu.

PostgreSQL tana da fihirisar da aka yi domin irin wannan, GIN, wadda Oleg Bartunov da Teodor Sigaev suka kawo a 8.2, a 2006. Tana aiki kamar fihirisar bayan littafi, kowace kalma da shafukan da ta fito. Sai dai tambayar da GIN ta iya amsawa ita ce ko wannan jeri ya ƙunshi wancan jeri, kuma tana so su zama nau'i ɗaya. Tambayar da injin baƙon mabuɗi ke yi kuwa ita ce ko wannan lamba ɗaya daidai take da wani abu a cikin jerin, kuma an yarda nau'in lambar ya bambanta da na wadda ake nuni gare ta, ƙaramar lamba ta yi nuni ga babba. Tazarar tana da kamar ƙanƙanuwa, amma cike ta yana bukatar taɓa sassan rumbun da ke yanke shawarar wace fihirisa za a bi. Masu bita suka ƙi amincewa da abin da zai yi kyau a gwaji da layi ɗari, ya durƙusa a layi miliyan goma.

Ko da an warware batun sauri, akwai na ma'ana, wanda a ganina shi ne mafi nauyi. Me CASCADE ke nufi a nan? A baƙon mabuɗi na yau da kullum amsar a fili take: layin da ya dogara ga abin da aka goge ya bi shi. A jeri fa? In aka goge direba ɗaya, a goge tseren gaba ɗaya da sakamakon sauran mutum goma sha tara? Ko a cire lambarsa kawai? In aka cire ta, jerin zai matse, wanda ya zo na biyu ya wayi gari shi ne zakara, ba tare da kowa ya yanke wannan hukunci ba. In aka bar gurbinsa fanko, an kiyaye matsayi, amma duk manhajar da ke karanta jerin sai ta koyi tsallake rami. Jeri a PostgreSQL kuma yana iya zama mai hawa har shida, jeri cikin jeri, kuma cire abu ɗaya daga irin wannan yana ɓata siffarsa. Shi ya sa array_remove ba ta karɓar jerin da ya wuce hawa ɗaya. Masu facin suka rage buri, suka tsaya ga zaɓin ƙin gogewa kawai.

A 2017 wani ɗalibi ya farfaɗo da aikin a ƙarƙashin shirin Google Summer of Code, da sabuwar alamar tambaya da aka tsara domin GIN ta gane lamba ɗaya. An sake tayar da shi a 2021. Kowane zagaye an gyara wani abu, an gano wani, masu bita sun yi ƙaranci, facin ya tsufa. A aikin sa kai ba a cika kashe shawara da ƙuri'a ba. Ana barinta ne har mai ɗauke da ita ya gaji.

Abin da mutane ke yi a maimakonsa

Wanda ya ci karo da wannan bango yakan fara da dokar CHECK, ya tarar ba ta yarda a leƙa wani jadawali ba. Sai ya ɓoye leƙen cikin wani ɗan umarni da ya rubuta, rumbun ya karɓa. Wannan dabara tana tsare ƙofar shiga kawai, ba ta san an goge komai a ɗaya jadawalin ba, kuma tana iya hana a dawo da ajiyar rumbun in aka loda jadawalin marasa lafiya kafin na magunguna. SQL-92 ta tanadi CREATE ASSERTION, dokar da ke iya ratsa jadawalai da yawa, wadda da ita za a rubuta sharaɗin a jimla ɗaya, amma PostgreSQL ba ta taɓa aiwatar da ita ba.

Sai a koma ga kunama, wato umarnin da ke tashi da kansa duk lokacin da aka taɓa jadawali, kamar kunamar bindiga. A ɗana ɗaya a jadawalin marasa lafiya, ɗaya a na magunguna. A gwajin mutum ɗaya komai zai tafi daidai. Matsalar tana fitowa ne idan mutum biyu suka yi aiki a lokaci guda. Ma'aikaciyar jinya tana ƙara 41 a jerin wani majiyyaci. Kunamarta ta duba, ta ga 41 yana nan. A daidai lokacin mai gyaran jadawali yana goge 41. Kunamarsa ta duba duk jeri, ba ta ga 41 ba, domin aikin ma'aikaciyar bai kammala ba, kuma PostgreSQL ba ta nuna wa kowa aikin da ba a kammala ba. Kowannensu ya sami izini, kowannensu ya rufe aikinsa, an haifi maraya a gaban masu gadi biyu.

Baƙon mabuɗi na ainihi yana kauce wa wannan ne ta hanyar ɗora ƙaramin kwaɗo a kan layin da ake nuni gare shi, har sai mai shigarwa ya gama. Tun daga 9.3 kwaɗon yana da suna, FOR KEY SHARE, kuma mai rubuta kunama yana iya amfani da shi, in ya san da shi. Amma ko ya sani, akwai sauran rina a kaba. A matakin keɓewa na REPEATABLE READ, mai gogewa yana kallon hoton rumbun ne kamar yadda yake lokacin da ya fara aiki, saboda haka ko bayan ya jira kwaɗon ya buɗe, ba zai ga sabon layin ba. Injin cikin gida yana da wata hanya ta musamman ta leƙa sabon hoto domin wannan dubawa, hanyar da ba a buɗe wa kunamar da aka rubuta da harshen PL/pgSQL ba. Mafita ita ce a tilasta wa kowa matakin SERIALIZABLE, wanda ya samu ingantaccen tsari a 9.1, a 2011, tare da shirin maimaita duk aikin da rumbun ya soke.

Bayan duk wannan zagaye, shawarar da ƙwararru ke bayarwa ita ce ta 1970: a yi jadawali na uku, kowane layi da lambar majiyyaci da lambar magani, kowace da baƙon mabuɗinta. In matsayi yana da muhimmanci, a ƙara masa ginshiƙi. Mai son ganin jeri a haɗa masa shi lokacin karantawa da array_agg. Littafin jagorar PostgreSQL kansa yana gargaɗin cewa yawan neman abu a cikin jeri alama ce ta kuskuren tsari. Ina ganin gaskiyarsu, ko da yake ban ga laifin masu kukan ba: jadawali na uku yana cin wuri, domin kowane layi yana ɗauke da kan bayani na fiye da baiti 20 kafin a zo ga lambobin biyu, kuma yana ƙara haɗe-haɗe a kowace tambaya. Jeri yana da wurinsa, a awon zafi na kowace sa'a, ko kalmomin laƙabi da ba sa nuni ga komai. Zuwan jsonb a 9.4, a 2014, ya ƙara faɗaɗa ramin, domin yanzu lambobin suna ɓuya ne a cikin takarda mai rassa, inda ba a ma fara maganar faci ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan shi ne yadda PostgreSQL ta yi da nata gidan. Jadawalan cikinta, inda take adana bayanin kanta, cike suke da jerin lambobi masu nuni: nau'o'in abin da kowane umarni ke karɓa, ginshiƙan da kowace fihirisa ta rufe, sunayen waɗanda aka ba izini a kan kowane jadawali. Har zuwa 8.0, 'yan kowace ƙungiyar masu amfani jeri ne a gurbi ɗaya cikin pg_group. A 8.1, a 2005, aka rushe wannan aka kawo pg_auth_members, layi ɗaya ga kowane ɗan ƙungiya. Jerin izini kuwa an bar shi a matsayinsa, amma aka kafa pg_shdepend a gefensa, wanda ke rubuta layi ga kowane mai amfani da aka ambata a cikin jerin, domin a hana goge shi yana da sauran izini. Wato jeri a gaba, jadawali na uku a bayan fage yana gadinsa. A fitowa ta 14, a 2021, aka ƙara pg_get_catalog_foreign_keys, mai lissafa alaƙoƙin da ke tsakanin jadawalan cikin gida, har da ginshiƙin da ke nuna ko alaƙar ta jeri ce. An bayyana su a rubuce, ana duba su a gwaje-gwajen masu gina rumbun, amma ba injin baƙon mabuɗi ke tilasta su ba.

A watan Satumban 2025 PostgreSQL 18 ta fito da wani sabon nau'in baƙon mabuɗi, na tsawon lokaci. Da kalmar PERIOD ana iya cewa kwangilar da ta fara daga Janairu zuwa Disamba dole ta samu layukan da suka rufe wannan tsawon gaba ɗaya a ɗaya jadawalin, ko da layi uku ne suka haɗu suka rufe shi. Shi ma gurbi ɗaya ne ke nuni ga layuka da yawa, shi ma ya ɗauki shekaru, har an shigar da shi a 17 aka sake cirewa kafin fitowa, kuma shi ma an taƙaita abin da zai iya yi idan aka zo gogewa. Bambancinsa da facin Italiyawa shi ne, ƙa'idar SQL:2011 ta riga ta rubuta yadda za a furta shi da abin da yake nufi, saboda haka gardamar da ta rage ta yadda za a gina ce kawai. Jeri bai samu wannan gata ba. Wanda ya rubuta REFERENCES a gaban ginshiƙin jerin lambobi a fitowa ta 18, yana nufin jadawalin da mabuɗinsa lamba ɗaya ce, amsar da zai samu ita ce wadda aka saba bayarwa: ba za a iya kafa dokar ba, domin nau'in ginshiƙan biyu bai dace da juna ba.